Matakala Ashirin da Biyu

20 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Mai Usur,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Goggo da gwiwoyinta. Ni ce Barewa, wadda ka koya wa tsere a filin makarantarku lokacin da ni da Inna muka zauna a gidanka. Mutane suna cewa danginmu na nesa ne, tunda kakanninku ne kai da marigayiya Inna suka haɗa uba, amma ni ban san wani kawu da ya wuce ka ba. Na so in kira a waya, sai na tuna Goggo ta ce usur ɗin da ka yi shekara talatin da biyar kana hurawa ya rama a kan kunnuwanka.

Jiki dai da sauƙi, amma ba sosai ba. Tun bara ƙafata ta hagu take yi mini gardama. In ce ta taka nan, ta taka can. Tafin ƙafar kamar na sa safa uku, idona na dama kuma ya yi mako biyu yana gani dishi-dishi. An yi ta aune-aune, har an sa ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar injin niƙa. Ƙarshe likita ya ce sunan ciwon maltiful siklerosis, su suna taƙaita shi da MS. Wai garkuwar jikina ce ta rasa abokin faɗa, ta koma tana ɓare rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da ɓera ya ci robarta. Saƙo ya taso daga kai, kafin ya kai ƙafa ya zube a hanya. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da magani, kuma na fara.

Ina nan a sashen guga na ɗakin wankin otal, shekara tara ke nan. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake. Lif na baƙi ne, mu matakala ce tamu, guda ashirin da biyu, kuma kowace mai guga ita ke haurawa da kayanta ɗakin ajiya sau uku a yini. Shugabarmu, wadda muke kira Agogo a bayan idonta, ta fara duba wuyan hannunta duk lokacin da na kama hawa. Kawu, in matakalar nan ta fi ƙarfina aikin ya tafi, kuma ba ni da wani.

Likita ya ce in riƙa motsa jiki, ya kuma ce in nemi sanda. Ban tsaya yi masa tambaya ba, benci ya cika da mutane. Kai ne malamin wasanni. Motsa jiki zai iya tsayar da abin nan, ko ya rage masa sauri? Ka gaya mini gaskiya, na gaji da jin sannu.

'Yarka,
Barewa

27 ga Fabrairu

Barewa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Goggonki tana gaishe ki, gwiwoyinta ba sa gaida kowa. Ni kuwa gani ya kori ji tun tuni, don haka kin kyauta da kika rubuto.

Amsar tambayarki ita ce e. Shekara talatin da biyar ina tsaye a fili, ban taɓa ganin jikin da aka motsa ya ƙi amsawa ba. Ƙofar da ba a buɗewa ita ke ƙagewa. Likitoci sun san suna, mu mun san jiki. Ki sha maganinki, ban hana ki ba, amma magani rabin aiki ne.

Ga jadawali na zana miki da rulata ta da. Kowace rana da layinta, kowane layi da gida uku: tafiya minti ashirin, tsuguno da miƙewa sau goma sha biyar, hawa matakala ba kaya sau biyu. Abin da kika yi, ki ja masa alama a gidansa a ranar, ba washegari ba. Bayan mako uku ki maido mini in duba, kamar yadda nake duba rajista.

Maganar sanda ki bar ta. Daga sanda sai kujera, daga kujera sai gado. Ƙafa in ta ga an kawo mata mataimaki, sai ta ajiye aiki. Ke ce fa kika tsere wa 'yan aji shida kina aji huɗu, ba takalmi. Ba zan ji ana cewa ɗalibata tana dogara sanda tana da shekara talatin da takwas ba.

Lokacin hutunki na tsakar rana ya ishe ki ki yi duka. Kada ki ce mini babu lokaci.

Kawunki

21 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Goggo. Ina fata ruwan ɗumin da take gasa gwiwa da shi yana taimakawa. Ni jiki yana nan.

Ga jadawalinka na maido. Za ka ga ba gidan da na bari. Rular nan taka har yanzu tana da tabon nan a wajen inci huɗu, na gane shi a kowane layi, na yi dariya ni kaɗai.

Kwana goma ke nan matakala ba ta ba ni wahala ba, Agogo ma ba ta duba mini agogo ba. Ban sayi sanda ba.

Ka yi haƙuri da gajartar takardar, hannuna ne ke saurin gajiya da biro.

Barewa

26 ga Maris

Barewa,

Lafiya lau muke, har na fi lafiya tunda na buɗe ambulan ɗinki. Gida sittin da uku, ba ɓaraka ko ɗaya! Na karanta wa Goggonki maganar matakala sau biyu, ta ce ta ji tun na farko, har maƙwabta sun ji. Na kai takardar wajen mai shagon magani na kusa da mu, wanda ya ce mini irin wannan ciwo ba ya jin tsalle-tsalle, na shimfiɗa masa a kan kantar shagonsa.

Kin gani ko? Kwana goma ba wahala. Abin ya fara ja da baya. Yanzu ne ba za a sassauta ba, don icen da aka kusa sarewa ba a ajiye masa gatari. Ga na watan Afrilu: tafiya minti arba'in, tsuguno talatin, matakala sau biyar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu magana. To ke barewar ce da kanta, ina dalilin rarrafe?

Ki sani kin faranta ran tsoho fiye da yadda kike zato. Wata rana zan gaya miki dalili.

Kawunki

2 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaida Goggo. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Ga na Afrilu.

Barewa

19 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma wannan karon ba don al'adar takarda na faɗa ba. Mako bakwai ban ji daga gare ka ba. Kai da ba ka bari takarda ta kwana biyu ba amsa. Na kira Goggo, ta ce lafiyarka ƙalau, kana fita da safe ka dawo ka zauna kana kallon bayan ƙofa. Da na ce ko ka rubuto ta ɓace a hanya, sai ta ce ba ka rubuta ba. To shiru ma magana ce, kuma na ji ta. Ka yi fushi da layi biyun da na aiko maka, ka ɗauka raini ne bayan duk wahalar da ka yi.

Ba raini ba ne. Na rasa abin da zan ƙara ne wanda ba ƙarya ba.

Kwana shida kacal na bi jadawalinka, Kawu. Na yi shi a hutun tsakar rana kamar yadda ka ce, a tsakar gidan bayan otal inda bututun tururi ke fitowa, bayan na yi awa biyar a kan dutsen guga. Rana ta bakwai ina cikin tsuguno na sha ɗaya ƙafar ta ɗauke kamar an zare ta daga soket, idon ya rufe. Abokiyar teburina, Mai Sitati, ita ta ja ni inuwa tana zuba mini ruwa a ƙeya. Aka ba ni hutun jinya. Kwana goman da na ce maka matakala ba ta ba ni wahala ba, ina kwance a ɗakina ne. Ban yi maka ƙarya a wannan layin ba, na dai tsara shi yadda za ka ji abin da kake so. Alamomin kuwa ƙarya ne tsagwaronta. Na Afrilu a zama ɗaya na ja su, a kan gado, da faranti a ƙarƙashin takardar.

Kunyarka na ji. Abin da ya fi kunya kuma tsoro ne. Ka ce motsa jiki yana tsayar da ciwon. To in haka ne, duk ranar da na tashi ƙafar ta ƙara nauyi, laifina ne ke nan, ni ce malalaciya. Sai in kwanta da gajiyar ciwo, in tashi da gajiyar laifi. Gajiyar ciwon nan ba irin wadda ka sani ba ce, ba ta jin barci. Ina tashi da safe kamar na yini ina daka.

Makon jiya na faɗi a matakala ta goma sha huɗu da zannuwan gado ashirin a hannu. Ban karye ba, gwiwa ce ta fashe, zannuwan suka koma wanki. Agogo ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini. Ta kira ni ofis ta ce, "'Yar'uwa, ni ba na korar mutum don ciwo, amma kaya ba sa hawa da kansu. Zuwa ƙarshen Yuli ki san yadda za ki yi, ko ni in san yadda zan yi."

Na koma wajen likita, wannan karon na ƙi tashi daga kujera sai da na yi masa tambayar da na yi maka. Ya cire tabarau ya ce, "Motsa jiki yana ƙara ƙarfin tsoka, yana gyara tsayuwa, yana rage gajiya ga mutane da yawa, yana sauƙaƙa zuciya. Wannan mun gani. Ko yana rage wa ciwon kansa sauri, ana ta bincike, akwai alamu masu daɗin ji, amma ba wanda zai rantse miki." Ya ce zafi ne ya kayar da ni ran nan, jijiyar da ta rasa rigarta ba ta son zafi, in jiki ya huce takan dawo. Ya ce kaɗan-kaɗan, a wuri mai sanyi, da hutu a tsakani. Sannan ya tambaye ni ina sandar. Na ce kawuna ya hana. Ya ce kawun nawa ne zai tare ni in na gangaro?

Ka yafe mini. In ba za ka amsa ba, ka sa Goggo ta ce mini ka karanta.

Barewa

28 ga Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki lafiya, Goggonki ma haka. Zuciya ce ba lafiya. Allah ya ba gwiwarki sauƙi.

Ban yi fushi da layi biyunki ba. Kin karanta shiruna a baibai, kamar yadda na karanta kwana gomanki.

Watan Afrilu kwana talatin ne. Jadawalin da na aiko miki layi talatin da ɗaya ne, kuma kin cika gidajen ranar talatin da ɗaya duk uku. Tsohuwar dabarata ce ta makaranta. In na ba yara takardar atisaye su kai gida, nakan ƙara ranar da babu ita, wanda ya cike ta na kama shi. Wallahi ban yi nufin ɗana miki tarko ba, hannu ne ya saba. Da na ga layin nan sai na ɗauko na Maris na sake dubawa da idon malami. Alamomin kwana shida na farko kowace da kamarta, wata a karkace, wata biro ya kusa huda takarda. Sauran duk kansu ɗaya kamar sojoji. Da ma ya kamata in gani tun farko, so nake kada in gani.

Ban zauna ina cewa yarinyar nan ta yi mini ƙarya ba. Cewa na yi, wa ya taɓa yi mini irin wannan? Mahaifiyarki ce.

Kina makarantar kwana lokacin da ƙafafunta suka fara. Ba a taɓa ba wa ciwonta suna ba. Wani mai gyaran kujeru ya yi mata sanda, tana dogarawa daga ɗaki zuwa tsakar gida. Na dawo daga fili wata rana na gan ta da ita, na karɓe na jingina bayan ƙofata. Na ce lalaci ne ke neman kama ta, ta zaga gida sau goma kullum. Kowace yamma in tambaye ta, ta ce, "Na yi, Yaya." Goggonki ta san ba ta yi, bango take bi, amma wa zai gaya wa Mai Usur? Da ta kwanta gaba ɗaya, abin da na faɗa a raina shi ne ba ta dage ba. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta ina riƙe da wannan. Shi ya sa jadawalinki na farko ya sa ni rawa. Na ɗauka kin zo ki tabbatar mini ni ne mai gaskiya.

Fitar da nake yi da safe, asibiti nake zuwa. Na yi ta zama a bencin masu gashin ƙashi har wata likita ta tausaya wa tsoho kurma ta riƙa rubuta mini amsa a bayan kati. Abin da ta rubuta bai saɓa da na likitanki ba. Na tambaye ta ko ciwon mahaifiyarki irin naki ne, ta rubuta ba ta da hanyar sani. Na ce to sanda fa, tana kashe ƙafa? Ta rubuta: sanda tana sa mutum ya yi tafiyar da tsoron faɗuwa ya hana shi. Na karanta sau uku. Na so a ce ban iya karatu ba.

Don haka amsar da na ba ki a Fabrairu na janye ta. Amsar gaskiya ita ce ban sani ba, kuma waɗanda suka fi ni ma suna kan nema. Ki motsa don ƙafar da kike da ita yau ta yi miki aikin yau. In ciwon ya ci gaba, shi ya ci gaba, ba ke kika ja baya ba.

Ga sabon jadawali, likitar ce ta tsara, ni rula kawai na riƙe. Minti biyar ne, da sanyin safiya, kusa da bango. Ki nuna wa likitanki kafin ki fara. Na ƙara gida na huɗu, sunansa "Yau ban iya ba". Shi ma gida ne, shi ma ana ja masa alama.

Dogon ƙunshin da ke tare da takardar nan, kin san mene ne. Sandar ba ta taɓa barin bayan ƙofata ba. Da na sani ƙeya ce. Ba na roƙon ki yafe, ki dai yi amfani da ita.

Kawunki

3 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Ka ce mata ta daina kuka a waya, ba na jin abin da take faɗa, sai in ji kamar na gaje ka.

Na daɗe ban amsa ba, kuma wannan karon ka karanta shirun daidai: haushinka na ji. Na tuna wani hutu da na dawo na tambayi Inna ina sandarta, ta ce ai Yaya ya ce ta kusa warkewa. Tana murmushi ta faɗa, hannunta ɗaya a jikin bango. Mako guda ƙunshin yana ƙarƙashin gadona ban kwance ba, ina zaginka a zuci da duk abin da tarbiyya ta hana in rubuta. Har yanzu bai gama wucewa ba. Amma na gaji, Kawu, kuma fushi ma aiki ne, ba ni da ƙarfin yin aiki biyu.

Robar gindin sandar ta bushe, mai gyaran takalmi ya sa mata sabuwa. Tsawonta bai buƙaci gyara ba. Wajen riƙon ya yi sulɓi ta gefe ɗaya, yatsuna suka zauna a wurin kamar an auna.

Ranar da na fara shiga otal da ita na zaci kowa zai kalle ni. Mai Sitati ce kawai ta ce, "Sai yanzu? Ai na gaji da zama sandarki." Da sanda ina hawa matakala ashirin da biyun nan, in huta a ta sha ɗaya, amma mai sanda ba ta ɗaukar zannuwa ashirin. Sai muka yi musaya. Mai Sitati tana haurawa da kayana, ni ina ninke mata tawul ɗinta duka a zaune, a bakin ƙofa inda tururi ba ya kaiwa. Ranar ƙarshe ta Yuli Agogo ta sauko ta tsaya a kanmu, ta dubi sandar, ta dubi tulin tawul, ta dubi wuyan hannunta. Ta ce, "Ni dai kaya su iso ƙarfe biyu. Wanda ya hau da su ban gan shi ba." Ta juya. Ba takarda aka sa hannu ba, kuma ban san wata nawa zai ɗore ba. Amma Litinin ina da wurin zuwa.

An sake ɗaukar hoton kaina. Akwai sabon tabo guda, ƙarami. Likita yana tunanin canza magani. Ƙafar ba ta fi da ba, sai dai tashi daga kujera ya ɗan yi mini sauƙi, kuma tun da na riƙe sanda ban faɗi ba. Ko minti biyar ɗin ne, ko sandar, ko sa'a, ban sani ba, na kuma daina tambaya.

Ga jadawalin Yuli. Na ƙirga layukan kafin in fara, talatin da ɗaya ne, kuma watan ma haka. Kwana bakwai na farko babu komai, kwanakin fushi ne. Sha uku na yi. Sha ɗaya suna gida na huɗu. Kada ka kai wa mai shagon magani, ba abin nunawa ba ne. Amma ka sa tabarau ka duba, ba alama biyu da suka yi kama.

Ka aiko da na Agusta, an riga an ci kwana uku. Ciwon yana tafiyarsa, Kawu. Ni ma ina tawa, da sandar Inna.

'Yarka,
Barewa